Dutsen Bayan Gidan Baba Muhuyi

"Ba nan ba ne," in ji Baba Muhuyi. "Ruwa kike nuna mini, Ramla. Ni kuwa na gaji da ganin ruwa."

Ina durƙushe a gefen katifarsa, kwamfutata a kan 'yar kujerar tsugunno. Matarsa, Inna Asibi, ta tallafo kansa da filo. Ɗansa Labaran yana tsaye a bakin ƙofa yana sosa ƙeya, domin shi ya ɗauko bidiyon da wayarsa.

Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasu. Baba yana saurayi aka tashe su daga tsohon garinsu saboda madatsar Tiga, suka bar kabarin mahaifiyarsa a bayan gida, kusa da wani tsagaggen dutse, ruwa kuma ya shanye garin. Idan bazara ta yi ruwa ya ja baya, kan dutsen yakan leƙo, shi kuma ya tuƙa kwalekwalensa ya je ya yi mata addu'a. Bana ƙafa ta ƙi. An kai shi asibiti a Kano, aka ce a dawo da shi gida a ci gaba da addu'a, kuma kowa ya san ma'anar wannan magana.

Shi ne Labaran ya ce zai kawo masa dutsen har ɗaki. Sai dai bawan Allah ya auna wani ƙaton dutse daban, ya tsaya a kansa yana ta ɗauka. Na Baba yana can ƙuryar hoton ta hagu, bai fi ƙwayar gero ba.

"Shekara nawa kana bi na wurin nan?" Baba ya tambaye shi. "Ashe kifi kawai kake kallo."

"Gobe da sassafe zan koma, Baba."

Inna Asibi ta dube ni, ta girgiza kai a hankali. Na gane goben nan ba abin dogaro ba ce.

Sana'ata ce haɗa bidiyon biki da suna, kuma ba don tsohon nan ba da ban yi ta ba. Ranar da mahaifina ya rantse ba za a yi wannan shiririta a gidansa ba, Baba Muhuyi ne ya shigo da sandarsa ya zauna, ya ce in nuna masa. Ya kalla har ƙarshe, ya ce, "Malam, bar yarinyar nan. Hannunta yana da albarka." Tun daga ranar yake kirana mai yanka mutane ta haɗa. Ina ƙaunarsa sosai, kuma ban taɓa samun abin da zan yi masa ba sai yau.

Ga shi yau ɗin ma abin yana neman gagarata. Duk lokacin da na ƙara wa hoton girma, daga tsakiya yake buɗewa, ya ture gefe waje. Dutsen Labaran ya cika fuska, na Baba ya ɓace. Na ja hoton, na ƙara girma, ya sake tserewa. Na ji kamar in yi kuka.

Sai na tsaya na ja numfashi. A tsakiyar kowane hoto akwai wata 'yar alama, da'ira mai gicciye a ciki. Inda take, daga nan hoto yake girma, a kanta yake juyawa. Kullum ina ganinta, ban cika taɓa ta ba, don amarya a tsakiya ake ajiye ta. Na tsayar da bidiyon a inda kwalekwalen ya daina tangaɗi, na kama alamar, na janyo ta har ƙuryar hagu, na ɗora ta a kan ƙwayar geron nan.

"Me kika yi?" Baba ya tambaya.

"Na ɗaure hoton a dutsenka ne, Baba. Yanzu ba inda zai je."

"To, kin kafa masa turke ke nan. Saki mu gani."

Na fara ƙara girma sannu a hankali. Ruwa ya yi ta zamewa waje, dutsen Labaran ya fita, na Baba ya tsaya cak yana matsowa. Hoton ya yi dishi-dishi, amma tsagar tana nan, baƙa, daga sama har bakin ruwa.

Baba ya ɗago hannunsa, wanda Inna Asibi ta shafe da man zafi, ya ɗora yatsa a kan gilashin kwamfutar, a gabas da dutsen, inda babu komai sai ruwa.

"Inna tana nan," ya ce, yana nufin mahaifiyarsa. "Assalamu alaikum, Inna. Bana ban samu zuwa ba."

Ya yi addu'a mai tsawo, muna amsawa da amin. Da ya shafa, ya juyo gare ni. "Allah Ya yi miki albarka, 'yar nan. Kin kai ni gida."

Washegari, Labaran bai kai ga kwance kwalekwale ba aka aika a kira shi. Kafin azahar an kai Baba makwancinsa.

Sai bayan sadakar uku na buɗe kwamfutar, don akwai bikin wasu 'yan Kiru da ke jirana. Hasken taga ya faɗo a kan gilashin, sai ga shatin yatsansa a ƙuryar hagu, da ɗan maiƙon man zafi. Na ɗauko tsumma, na riƙe shi a hannu na ɗan lokaci, sannan na ajiye. Na matsar da amarya gefe kaɗan don kada ta hau shatin, na ci gaba da aiki.