Roba Ɗaya a Tayar Dama

Saura kwana tara a kai kayan 'yata Nagat gidan mijinta kaina ya ɗaure a kan motata. Motar tsohuwa ce, na saye ta bayan na bar aikin buɗe ƙofofin ruwa na gonaki, kuma ban taɓa damuwa da abin da tayoyinta ke watsawa a baya ba, tunda ni a gaba nake zama.

Matata Zakiyya ce ta tayar da maganar. A ƙauyenmu motar uban amarya ke shiga gaba ranar kai kaya, a hankali, mata da masu dako na biye a ƙasa da kaya a ka don kowa ya gani. Uwar amarya ce ke bin motar dab da dab, ɗauke da babban bargon auduga, kuma ita ce za ta shimfiɗa shi da hannunta a gadon 'yarta. Na Zakiyya fari ne fat. Shekara huɗu tana ɗinkinsa, da audugar gonar mahaifinta.

"Abu Nagat, watan Tuba ne fa, watan sanyi da ruwan sama, ruwa ba ya sallama," in ji ta, don da sunan 'yarmu take kirana. "Hanyar ƙauyensu ba kwalta. In motarka ta ɗiga wa bargon nan taɓo, ni da kai ne."

Na tafi wurin Usta Subhi, bakanikenmu na bakin titi. Ya leƙa ƙarƙashin motar ya girgiza kai.

"Hajj Ashur, mota ba robar tare taɓo ai tsirara take yawo. Ka sa biyu a baya, dogaye, har su kusa shafar ƙasa. Ko ta cikin miya ka bi, ba abin da zai taɓa na bayanka."

Na sayi biyu, na dawo gida hankalina kwance. A ƙofar gida na tarar da Ragab, yayan Zakiyya, wanda ya shekara talatin yana jigilar buhunan shinkafa a a-kori-kura. Ya ɗaga robar ɗaya da yatsu biyu.

"Wa ya ba ka wannan shawarar? Subhi? Mutumin da bai taɓa wuce ƙarshen kwalta ba? Ƙasarmu baƙar laka ce, danƙo gare ta. Za ta taru tsakanin roba da taya ta cushe, taya ta ƙi juyawa, ka tsaya cik a tsakiyar ayari dangin ango na kallo. Ka taɓa jin an manta da motar da ta maƙale ranar kai kaya?"

Ba a mantawa. Akwai wani dattijo a layinmu da har yau ake tsokana a kan haka, 'yar tasa kuwa ta yi jikoki.

Na koma wurin Subhi, ya ce Ragab babbar mota ya sani, ƙarama daban take. Na koma wurin Ragab, ya ce laka ba ta tambayar girman mota. A wurin shan shayi mutum shida na tambaya, uku suka ce sa, uku suka ce kada ka kuskura, wanzami kuma ya ce ya danganta. Da na ce da me ya danganta, sai ya ci gaba da askinsa. Wallahi in Subhi na magana sai in ji gaskiyarsa ce, in Ragab ya karɓa sai in rasa yadda aka yi na yarda da Subhi.

Nan na yi dabarar da na ɗauka wayo ce. Na ɗaura roba ɗaya a tayar dama, na bar ta hagu haka, da nufin in an yi ruwa in gwada in ga ɓangaren da ya fi. Sai ruwa ya ƙi zuwa. Kwana takwas rana ƙwal. Na zuba bokiti goma a bayan gida na bi ta kai, na sauko na duba, ɓangarorin biyu duk sun yi datti iri ɗaya, ban fahimci komai ba.

Ranar kai kaya da asuba aka kece da ruwa, ya ɗauke da hantsi. Na tsaya a bayan mota da sifana a hannu ɗaya, ɗaya robar a ɗaya hannun, in ɗaura wannan ko in kwance waccan. Ina nan tsaye makaɗa suka iso, Zakiyya ta fito cikin sabuwar rigarta da bargon a ka.

"Ki bi gefen dama," na ce mata. Abin da na iya yankewa ke nan.

Rabin hanya lafiya lau. Da muka kai kwanar magudanar ruwa sai na ji motar ta yi nauyi, ta ja dama, ta tsaya. Kiɗa ya yi ƙasa. Ban san Zakiyya ta tsallako hagu don ta zo taga ta tambaye ni abin da ya faru ba. Na taka mai.

Tayar dama ta cushe, ba ta ko motsi, ta hagu kuwa ta ɗauki duk ƙarfin injin ta dinga juyawa tana feshi. Daga baya aka gaya mini Zakiyya ta sauke bargon ta rungume shi a ƙirji, ta juya wa motar baya, ta duƙa a kansa. Sau uku na taka kafin wani ya bugi rufin motar.

Maza suka tura, robar ta tsinke, motar ta fita. Ragab na nuna mini tayar dama, Subhi da ya zo cikin 'yan rakiya na nuna mini ta hagu, kowa na cewa bai faɗa mini ba? Na dubi wannan na dubi wancan, dukansu sun faɗa. Zakiyya kuwa daga ɗankwali zuwa diddige baƙa ce da laka, da ta ɗora bargon a ka sai wata ta ɗan shimfiɗa mata mayafi a ƙarƙashinsa. Ba ta dube ni ba. Kunyar da na ji a wurin ban taɓa jin irinta ba.

A ƙofar gidan ango, gwaggonsa ce ke karɓar kaya, Hajja Fauziyya, wadda ta zo daga birnin Iskandariya kuma ba ta taɓa ganin Zakiyya ba. Ta miƙa hannu ta ɗauke bargon daga kanta.

"Kawo nan, baiwar Allah, kada ki ɓata wa mutane kaya. Masu dako su zaga baya, akwai famfo." Ta juya ta shige da shi ɗakin amarya, mata na ta guɗa.

Na buɗe baki in gaya mata ko wace ce. Zakiyya ta kama hannun rigata, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Yi shiru, Abu Nagat. In ka faɗa, da ni za a dinga yi wa yarinyar nan gori. Ya dai shiga fari."

Ta sake ni, ta bi masu dako zuwa famfo.