Burodin da Baƙo Ya Ci

"Kwando nawa ne a gidan nan, Eulogia? Da ke nake, kwando nawa?"

"Ka ƙirga mana, ai kai ne maigidan."

"Bakwai! Kwando bakwai, amma sai wanda aka rufe da farin ƙyalle aka ɗora saman kabad, shi hannun baƙon nan ya je ya lalubo? Tun daga ƙasarsu aka yi masa kwatance?"

"Ka dai ga tsawonsa. Kabad ɗin nan a ƙirjinsa yake tsayawa."

Eulogia ba ta ɗago ba. Tana tsugune bakin murhu tana ɓare masara, kwanon na neman cika amma ba ta daina ba, don in ta daina ba ta san inda za ta ajiye hannuwanta ba. Mijinta Don Nicanor kuwa sai kai-kawo yake daga ƙofar madafa zuwa tebur, ya tsaya ya kalli abin da ke kai, ya yi tsaki, ya koma. Abin da ke kai burodin hurka ne mai hawa uku, babba a ƙasa, ƙarami a sama. Na ƙasan an ci kusan rabinsa.

Ko yaron goye a birninmu Kusko ya san burodin hurka ba na karin kumallo ba ne. Wanda nauyin bikin waliyyi ya faɗo wa a shekara shi ke zagaya gidajen dangi da shi, ya ajiye, ya faɗi abin da yake nema: kai ka kawo makaɗa, ke ki kawo giyar masara. In ka mayar masa da abinsa cikakke, an ji kunya, amma an rabu. In aka gutsura, to gida ya ɗauru, ba zame-zame.

Wannan burodin na Leoncio ne, ƙanen Eulogia, wanda bikin Waliyyi Jeronimo ya hau kansa bana. Shi da matarsa Bernardina suka karɓi nauyin a gaban jama'a, sai Allah ya ɗauke ta a tsakiyar damina, ya bar shi da tukwane ba mai tsaya musu. Ya daɗe yana jan ƙafa, sai shekaranjiya, saura mako biyu biki, ya daidaici Nicanor ba ya nan ya shigo. Hula a hannu, ya ce, "Yaya, ranar Larabar da waliyyai za su shiga gari, ki tsaya min kan girkin masu ɗauka. Ba ni da kowa." Ko zama bai yi ba.

To ga inda gizo ke saƙar. Eulogia haihuwar San Jeronimo ce, aure ya kawo ta nan unguwarmu ta San Sebastian. Kuma waliyyan nan biyu, da ake saɓa mutum-mutuminsu a kafaɗa, duk shekara tsere suke yi, kowa na son ya riga ɗan'uwansa isa gari. Shekara talatin da huɗu Nicanor na saɓa Waliyyi Sebastian a kafaɗa, ƙafa ba takalmi kamar yadda masu ɗaukarsa suke yi, kuma shekara talatin da huɗu Eulogia na jiransa a bakin coci da bahon ruwan ɗumi da gishiri, ta wanke masa ƙafa, ta ciyar da shi da mutanen layinsa. Yanzu a ce wannan Larabar tana can tana ƙosar da waɗanda ke neman wuce shi?

"Gobe da sassafe zan mayar masa," haka Nicanor ya ce a ranar. Goben ta zo, gwiwa ta hana shi. Yau da ya shirya, ya sauko da kwando, ya tarar da wannan aika-aika.

"Na ce miki kar mu fara ajiye baƙi, na ce ko ban ce ba? Kika ce ɗakunan sama na zaune a banza. Ga shi nan. Su sha mana ruwan zafi, su toshe mana bayi, yanzu har sun fara ɗaura mana alkawari!"

"Bai sani ba ne, bawan Allah."

"In bai sani ba ya tambaya! Ba shi da baki?"

Bakin kam yana da shi, kuma ya tambaya. Wannan ne abin da ya hana Eulogia ɗagowa. Baƙon bai taɓa ko kabad ba. Ita da kanta ta taka kujera da safen nan, ta sauko da burodin, ta sa wuƙa ta yanka, ta shafa man shanu, ta tura masa gaba. Da ya nuna adon da ke jiki ya ce ko na wani sha'ani ne, ta ce ci kawai papay, wato baba, na baƙi ne. Kwana biyu ta yi tana juya dabarar a ranta: in baƙo ya ci, gida ya ɗauru, ita kuma hannunta fes. Nicanor zai yi hargaginsa ya gaji, ita ta tafi wurin ƙanenta tana cewa ya zan yi, ƙaddara ce. Hargagin ne dai ya fi yadda ta auna.

Ana cikin haka aka turo ƙofa ba sallama.

"Komadre, ɗan gishiri nake nema."

Doña Hermelinda ce ta gidan da ke jikin nasu, wadda ta riƙe musu 'yarsu ranar baftisma, shi ya sa take kiransu komadre da kompadre, su ma suke ce mata komadre. Gishirinta ba ya ƙarewa sai in ana faɗa a maƙwabta. Ta shigo da farar hularta mai tsawo kamar mai zuwa coci, ta ja kujera tun ba a ba ta ba.

"Au, kompadre, kana gida? Ni ban ji motsin kowa ba."

"Har can kasuwa sun ji, ke ce ba ki ji ba," in ji Eulogia.

Nicanor da ma neman mai sauraro yake. Ya zayyana mata tun daga farko, ya ƙara da abin da ba a yi ba. Hermelinda na ta "Ash! Ash!" tana matsowa kusa da tebur. Ta sunkuya ta ƙare wa burodin kallo. Ta bi gefen yankan da ɗan yatsa, sumul, a karkace, irin yankan da ta shekara talatin tana gani a gidan nan. Sannan ta ɗago ta dubi Eulogia, ta ɗan lumshe ido ɗaya.

"Oh, Turawan nan akwai iya riƙe wuƙa."

Eulogia ta miƙe ta zuba gishiri a takarda, mai yawa, ta danƙa mata.

"Ga shi, kar miyarki ta ƙone."

"Ban ɗora ba tukuna."

Sai ga taku daga ƙofar waje, ɗaya-ɗaya, da haki. Baƙon ne. Sunansa Pieter, tsohon malamin makaranta daga ƙasar Holan, ya zo kallon bukukuwan watan Yuni. 'Yan unguwa suka ga sai ya sunkuya yake shiga kowace ƙofa, suka sa masa Don Pedrito. Garinmu kan tsauni yake, iskarsa ba ta isar baƙon, matakala goma sai ya huta sau biyu. Ashe tun da ya ji ihu ya ga ana nuna tebur, ya lallaɓa ya fita gidan burodi. Ga shi ya tsaya bakin madafa rungume da wani ƙaton burodi mai faɗin tayar keke.

"Gafara, Don Nicanor," ya ce da guntun Sifaniyancinsa. "Ni ci burodi. Ni sayo sabo. Amma Señora ce ta..."

"Shayi!" Eulogia ta zabura. "Papay, dubi yadda fuskarka ta yi fari fat, zauna ka sha ganyen koka kar ka faɗi mana."

Ta cusa masa kofi a hannu, ta danna shi kan benci. Ya buɗe baki, ta ƙara masa sukari. Ya sake buɗewa, ta miƙa masa gasasshiyar masara. Nicanor bai lura ba, yana can yana yi wa Hermelinda bayani da Kecuwa, yaren 'yan ƙasa da baƙon ba ya ji ko kalma.

"Ki duba fa. Ya cinye mutuncina, ya kawo min tayar keke. Me zan ce wa mutanen layina? Ciriaco da ke bayana shekara ashirin yana jiran in yi tuntuɓe. Za su ce gidan Nicanor ne ya ciyar da 'yan Jeronimo har suka sami ƙarfin wuce mu."

"Tsaya, kompadre." Hermelinda ta gyara zaman hula. Marigayi mijinta sau biyu yana ɗaukar nauyin biki, don haka a unguwar nan in maganar hurka ta rikice, ita ake tambaya, kuma tana jin daɗin hakan fiye da cin nama. "Wa ya gaya maka gida ya ɗauru?"

"Ba ga shi an ci ba?"

"Wa ya ci? Ka manta shekarar da alade ya shiga gidan su Ttito ya cinye musu hurka har da kwandon? Dattawa suka zauna suka ce bakin da ba na gida ba, ba ya ɗaure gida. Aka sayo sabo aka cike gurbin, aka haɗa da kwalba ɗaya ta ban haƙuri, aka mayar. Magana ta mutu."

"Yanzu da baƙo da alade duk ɗaya ne?" in ji Eulogia, muryarta ta yi wani siriri.

"A wannan shari'ar dai ɗaya ne, komadre. Sai fa in ɗan gida ne ya kai baki." Ta ɗan dakata tana duban silin. "Ko ya kai hannu."

Zo ka ga Nicanor. Mutumin da gwiwa ta hana fita jiya, ya yi wani juyi a tsakar madafa kamar saurayi. Ya rungume Don Pedrito, ya karɓe tayar keken, ya ce Allah ya yi masa albarka shi da duk mutanen Holan. Baƙon na murmushi yana gyaɗa kai, bai san me ya yi ba ɗazu, bai san me ya yi ba yanzu.

"Eulogia, kawo ƙyallen! Ina kwalbar nan da muka ɓoye? Yanzun nan zan hau mota, kafin azahar na dawo."

Eulogia ta ɗauko ƙyallen. Ta ninke, ta warware, ta sake ninkewa. Ta je wurin murhu ta dawo ba ta ɗauko komai ba. Ita fa ba ta taɓa jin labarin aladen nan ba, ko kuwa ta ji ta manta. Kwana biyu tana ƙulla abu, ashe da zaren da ba ya riƙewa ta ƙulla. Ta hango Leoncio yana buɗe ƙofa, ya ga surukinsa da kwando. Ta san shi. Zai karɓa, ya yi godiya, har ya ba shi wurin zama. Sannan ranar Laraba maza sittin su sauke waliyyi da yunwa, su waiga su ga tukwanen Bernardina a kife.

Hermelinda na kallonta, gishiri a cinya, ko ƙiftawa ba ta yi.

"Ke, ƙyallen nake jira. Sai shafa shi kike kamar kyanwa."

Eulogia ta ajiye ƙyallen. Ta miƙa hannu ta cire ƙaramin burodin na sama, mai adon fure. Nicanor ya zaci gyara shi za ta yi, har ya matsar mata da kwando. Sai ta kai baki ta gatsa.

Burodin kwana uku ne, ya bushe ƙamas, haƙoranta kuma ba su cika ba. Ta yi ta fama da shi, ana jin ƙarar taunar har bakin ƙofa.

"Tofar," in ji Nicanor a hankali. "Eulogia, tofar, ba wanda ya gani."

"Ni na gani," in ji Hermelinda.

Eulogia ta karɓi kofin hannun baƙon ta kora da shayinsa.

"Na haɗiye. Kuma na safen ma ni na yanka, ka daina zagin bawan Allah."

"Ke kika...? Kika bar ni tun safe ina ihu kamar mahaukaci?"

"Da ma kana yi ko ba dalili."

"Shekara talatin da huɗu! Wa zai tare ni a bakin coci? Wa zai wanke min ƙafa?"

"Ƙafarka ce, tsoho, hannunka na kaiwa. Waliyyinka na da mata ɗari masu rububin yi masa girki. Ƙanena ni kaɗai gare shi."

"In suka wuce mu fa?"

"Sai ku ɗaga ƙafa."

Nicanor ya dube ta, ya dubi Hermelinda da ta toshe baki da gefen mayafi kafaɗunta na rawa, ya dubi Don Pedrito da ya ga ana ci, shi ma ya miƙa hannu zai ƙara gutsura. Nicanor ya dangwarar da tayar keken kan tebur, ya fizgi hularsa daga ƙusa, ya fice, ya maka ƙofar da ƙarfin da sai da farar ƙasa ta zubo daga bango.