Gam a Bakin Ciwo

Baba mai gyaran takalmi ne, kuma a ganinsa duk abin da ya tsage a duniyar nan gam ne maganinsa, har fatar mutum. In wuƙa ta yanke shi sai ya matse wurin, ya ɗiga gam, ya hura, ya ci gaba da aiki. Shekara talatin yana haka lafiya lau, to wa ya isa ya hana shi?

Ranar da na biya rumfarsa daga wurin aiki, ina zaune basillar da yake ɗinke wani tsohon takalmi da ita ta zame, ta nutse a tafin hannunsa na hagu. Ya zare ta, ya matse ramin da hannun dama.

"Auta, ɗiga min. Hannuna ba ya kai."

"Baba, a wanke tukuna mana."

"Ke da tsoro kamar farar kura. Ɗiga."

Na ɗiga. Har na hura masa, muna dariya.

Kwana uku hannun ya kumbura suntum, ya yi baƙi, yana wari. Zazzaɓi ya kwantar da mutumin da ban taɓa ganin ya kwanta da rana ba. Da ƙyar ni da Yaya muka lallaɓa shi zuwa asibiti.

Likitar ta daɗe tana duba hannun. Ta ce ƙwayoyin cuta ne da ke zama a dattin ƙasan takalmi, basilla ta kai su can cikin nama. Irin waɗannan ba sa son iska. Da an wanke ciwon an bar shi a buɗe, da wataƙila jiki ya fi ƙarfinsu. Amma an rufe musu ƙofa, sun sami ɗumi da abinci, suka hayayyafa, gubarsu tana kashe naman. In ba a yanke hannun yau ba, za su shiga jini.

Baba ya tambaya ko da hannu ɗaya ana iya ɗinki. Ni kam na tsani kaina a lokacin.

Likitar ta ɗauki biro. "Wa ya liƙe ciwon?"

Na buɗe baki. Sai na ji yatsun hannunsa mai lafiya sun damƙe nawa, da zafin zazzaɓi.

"Ni ne, likita," in ji Baba. "Ni kaɗai nake a rumfar."