Muryar Baba a Bakin Get

Tun ranar da Alhaji Badamasi ya bar kasuwar shanu ta Dei-Dei ya nufi ƙauye sayen dabbobi, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ba gawa, ba labari. Da dangi suka gaji da cigiya, suka ce a yi masa sallar gawa a fawwala wa Allah, amma 'yarsa Zahra ta kafe. Ita dai ba za a sallaci ubanta da ransa ba, kuma kowa ya san Zahra kaifi ɗaya ce.

Abin da ya rage mata shi ne wani faifan ajiya da ke falonsu. Duk sanda wayar Alhaji ta kama intanet ɗin gidan, sai ta kwafe abin da ke cikinta ta zuba masa. Shi kuwa Alhaji ƙyuyar rubutu gare shi, komai sai ya danna waya ya faɗa da baki. Wataƙila ya ambaci inda za shi. Zahra ta ɗauki faifan da tsakar rana ta kai wa Thaddeus, mai gyaran kwamfuta a Utako.

"Madam, ba a wasa da original," in ji shi. "Zan zuba a wani disk. Babban backup, wato babbar ajiya, tukuna, sai ƙanana, ɗaya bayan ɗaya. In an tsallake ɗaya, sauran ya lalace."

Haka suka bi su a jere. Ga muryar Baba yana mitar direba, ga shi yana tuna wa kansa maganin hawan jini. Zahra na dariya tana share hawaye. Can sai Thaddeus ya janye hannunsa.

"Yaushe kika ce ya ɓata?"

"Kafin azumi."

"Wannan bayan salla ya shiga. Kuma waya ba ya zuba komai sai ya zo kusa da gida."

Daɗi ya kashe ta. Ashe da gaskiyarta, yana raye!

"Kunna, Oga Thaddeus, kunna!"

Aka ji ƙarar get ɗinsu, aka ji mahaifiyarta na wanke-wanke daga ciki. Sannan muryar Baba, a hankali: "Salamu alaikum." Ba wanda ya amsa. Na gaba ma haka, sai dai a wannan Zahra ta ji muryarta ita kanta, ta wuce dab da shi tana waya, ko tsayawa ba ta yi ba. Tsigar jikinta ta tashi. Kowace ajiya sallama ce, kuma kullum muryar sai ƙara dusashewa take yi.

Thaddeus ya yi alamar gicciye a ƙirjinsa. "Madam, saura ɗaya. Na jiya ne. Mu bar shi."

"Kai ka ce ba a tsallakewa."

Ya kunna, ya kau da kai.

"Zahra," in ji muryar, da ƙyar ake ji. "Uwata, na gaji da tsayuwa. Ki bari su yi mini salla, in samu in kwanta."

A waje 'yan kamasho na ta kiran fasinja. Tausayin ubanta ya cika ta, har ya danne tsoron. Ta ciro waya ta kira ƙanin mahaifinta.

"Baffa, ni ce. A gaya wa liman, na yarda."