Hukuncin da Ba a Taɓa Yankewa Ba

Barista Zubaida Auta ta fara aikin lauya a Daura tun ana buga takardu da tafireta. Yanzu ido ya soma gajiya, sai da tabarau mai kauri take karatu, shi ya sa da manhajar nan ta ƙirƙirarriyar basira ta shigo ba ta ƙyamace ta ba kamar wasu tsararrakinta. Takan ba ta dogon hukunci ta taƙaita mata, ko ta sa ta gyara mata tsarin rubutu. Amma sunan mutumin da take karewa da sirrinsa ba sa shiga ciki, kuma duk hukuncin da manhajar ta ambata sai ta gan shi da idonta a littafi kafin ta kai shi gaban alƙali.

A wata damina ta riƙe shari'ar Malam Harisu, wani dattijon manomi daga garin Babban Mutum. Maƙwabcinsa ya ce rabin gonar da Harisu ya gada nasa ne, har kotu ta hana kowa shuka a wajen sai an gama. Lauyan maƙwabcin wani matashi ne, Barista Sabiru Maharazu, wanda bai daɗe da buɗe ofis a hanyar kasuwa ba.

Da aka kawo mata rubutaccen jawabin Sabiru na ƙarshe, sai ta zauna ta karanta shi. Ya dogara da wani hukuncin Kotun Ɗaukaka Ƙara wanda, in dai haka yake, ya gama da Malam Harisu. Ga suna, ga shekara, ga lambar shafi, amma ita ba ta taɓa jin sa ba. Ta tambayi manhajar, nan take ta zayyano mata shi tiryan-tiryan kamar da ita aka yi zaman. Zubaida ba ta yarda ba. Ta sauko da littafin shekarar daga kanta, ta buɗe shafin, ta tarar da wata rigimar kwangila da ba ta da alaƙa da gona. Ta kira wata ƙawarta a Katsina ta duba mata a laburare. Da azahar amsa ta zo, babu shi, ba a taɓa yanke shi ba. Sai ta gane abin da ya faru: manhaja ce ta ƙago wa yaron, shi kuma ya kwafa bai duba ba.

Washegari Malam Harisu ya zo a kan babur, ruwa ya jiƙa masa kafaɗa. Ta yi masa bayani dalla-dalla.

"To Hajiya, ai Allah ne ya kama su," in ji shi. "Ki tona shi a gaban alƙali kowa ya ji."

"Malam, hukuncin nan ba zai tsaya ba, wannan haƙƙinka ne kuma ba zan sassauta ba. Amma in na tona shi a bainar jama'a, yana iya rasa rigar lauyan gaba ɗaya. Izininka nake nema in ba shi dama ya janye da bakinsa. In ka ce a'a, shari'arka ce."

Dattijon ya ce, "Gonata nake nema, Hajiya, ba mutuncin ɗan wani ba. Ki je."

Ta sami Sabiru a ofishinsa, ɗaki ɗaya da fanka mai ƙara. Ya miƙe da sauri ya ba ta kujerarsa, ya tsaya yana rusunawa.

"Ranki ya daɗe, da kin aiko ai da na zo."

"Zauna, Barista." Ta ajiye littafin a kan teburinsa a buɗe. "Nemo mini hukuncinka a nan."

Ya duba shafin, ya juya gaba, ya juya baya. Ya cire tabarau ya rufe fuska da tafin hannu.

"Wallahi ban yi da niyyar yaudara ba," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Innata ce a kwance a asibiti, ni kaɗai ke jinya. A bakin gadonta na rubuta a waya. Na ce zan duba, ban samu na duba ba."

"Ya jikin nata?"

Bai zaci wannan tambayar ba. Ya ɗago, idonsa ya kawo ruwa. "Da sauƙi, ta fara cin abinci."

"Allah ya ƙara sauƙi. Ka saurare ni, ɗana. Ni ma ina amfani da manhajar nan, kuma da na tambaye ta, ƙaryar da ta yi maka ita ta yi mini. Tana da saurin aiki, amma ba ta san nauyin sa hannu ba. Sunanka ne a ƙasan takardar nan. Ranar zama kai za ka tashi ka faɗa wa alƙali, kafin nan kuma ka faɗa wa wanda kake karewa. In ba ka tashi ba, ni zan tashi."

Ranar zaman, kotu ta cika. Da aka kira shari'ar, Sabiru ya miƙe kafin kowa. Ya ce hukuncin da ya ambata babu shi, ya faɗi yadda aka yi ba tare da ya kawo uzurin jinya ba, ya nemi afuwa. Alƙali ya yi masa faɗa mai zafi, ya umarce shi ya sake jawabin. Sannan ya juyo ya tambayi Zubaida ko tana da abin cewa.

"Ya mai shari'a, abokin aikina ya faɗi komai," ta ce, ta koma ta zauna.

Hukunci bai fito ba sai da aka fara yankan gero. An tabbatar wa Malam Harisu gonarsa, aka bar wa maƙwabcin hanyar da dabbobinsa ke bi zuwa rijiya. Daminar ta riga ta wuce shi, amma ya ce baɗi da rai zai shuka wake a wajen.

Bayan shekara Zubaida da Sabiru suka sake karawa, a wata shari'ar shago a Mai'adua. Ta bi hujjojinsa ɗaya bayan ɗaya tana neman inda zai zame, ba ta samu ba, ya kuwa kayar da ita. A bakin kotu ya biyo ta yana sunkuyar da kai. Ita ta fara dariya, ta miƙa masa jakarta mai nauyi.

"Tunda ka kayar da tsohuwa, sai ka ɗaukar mata kaya zuwa mota."