Wasan Hanyar Gona

...shida kuma. Shida ta sake jefawa, Wilfred, ka ga hannun 'yarka? Ni da na tsufa ina ƙirƙirar wasannin allo ban taɓa samun sa'ar dayis irin tata ba. To tura mutuminki mana, Endurance, fito da shi daga gida. Ko taɓa shi ba ta yi ba. Ta miƙo mini dayis, wai jifana ne.

Ai ka san wasan, ɗana, tare muka zana shi a bayan katakon silin... Hanyar Gona. Kowa da ɗan mutuminsa na katako, ya fita daga gida, ya bi akwati-akwati har gonar citta, ya haƙo, ya dawo. Wanda ya riga kawo buhu shi ya ci. Shi ke nan fa! Wasan yara. Masifun ciki ma na dariya ne: akuya ta cinye maka abinci, koma baya biyu; babur ya kafe a taɓon hanyar Samaru Kataf, jira jifa ɗaya. Ƙa'idata ce tun ina koyarwa a firamare, ba na sa abu a allo sai ya taɓa samun wanda na sani. Kai ne mai akuyar — tuwonka ta cinye a bakin gona, kana kuka da majina.

Abin da ya same ka a hanyar nan ban sa shi ba. Wane akwati zan zana masa? Koma baya nawa?

Tun ranar da aka kawo gawarka a bayan a-kori-kura, yarinyar nan ba ta taka wajen ƙofar gida ba. Makaranta, a'a. Sujada, a'a. Ko shagon maƙwabta. Uwarta Selina ta yi lallashi, ta yi duka, ta zauna ta yi kuka. Matan zumuntar coci sun zo sun yi addu'a har muryarsu ta dishe. Fasto ya ce a ba ta lokaci. Lokaci! Damina ta wuce, takalmin makarantarta ya matse ta a ajiye. Sai ni, tsoho mai katakai, na ce ku bar mini ita. In ta fitar da mutumin katako yau, gobe za ta fitar da ƙafa. Haka na faɗa, da baki cike, a gaban kowa.

Dubi ɗakin nan... katakon darar wani tsoho na Fadan Kaje, ramukan sun yi santsi don hannu. Ludon ma'aikatan jirgin ƙasa da tsagaggen gilashinsa. Wancan da na ba da agogona na karɓo a Kagarko, mahaifiyarka ta daina yi mini magana har Lahadi. Alluna har rufi. Mutanen Kafanchan na cewa Malam Azariya wasa ya taɓa masa kai, ni kuwa ina taƙama na san ɗan Adam — ba shi dayis kawai ka ga halinsa. Tir! Duk cikin allunan nan babu wanda aka yi don mai ƙin tashi daga mafari. Wa zai yi tunanin haka? Me zai sa?

Na jefa. Uku. Mutumina ya wuce mangwaro, ya hau gada... a hankali nake yi don ta gani, ina ƙwanƙwasa kowane akwati — kin gani, ba komai, lafiya lau. Na tsokane ta: amaryata, haka za ki bar maigida ya tafi gona ba ko ruwan sha? Da can harara za ta watsa mini, ta ce ita ba ta auren mai furfura. Yanzu idonta na kan katakon nan, ba ta ƙiftawa. Leɓenta na motsi. Addu'a take yi? Katako take yi wa?

Yesu, na gaji. Tsoro nake ji, Wilfred. Ba na masu bindigar da suka kashe ka a hanyar gona ba, su na riga na ga iyakar abin da za su iya yi mini. Tsoron in mutu in bar ta a ɗakin nan, ta girma tana jin ƙarar 'yan makaranta ta bayan katanga.

Ta jefa, ta miƙo. Nawa kuma... biyar. Na kusa gona. In ta ga na je na dawo da buhu, wataƙila —

Hannunta. Ta ɗora shi kan nawa, sanyi ƙalau. Ta zare mutumina daga yatsuna, tana bi da shi baya, akwati-akwati, ba ta tsallake ko ɗaya, gada, mangwaro... ta ajiye shi kusa da nata. Ta kife tafinta a kansu su biyun.

"Kaka, ya isa. Ka dawo."

In ce mata doka ta hana? In ce mata hanyar lafiya take, kowa na dawowa? Selina na tsaye a bakin ƙofa tana jiran in ce an samu ci gaba, ba zan iya ɗaga kai in dube ta ba... don da yarinyar nan ta rufe su, Ubangiji ka gafarta mini, sai na ji zuciyata ta kwanta. Ni ma ba na so ta fita, Wilfred. Ni ma.