Babu Mai a Gidan Alhaji Ɗanladi

Ɓoye kaya mugun hali ne. Mutum yana da abin da jama'a ke nema ido rufe, ya kulle, ya zauna a kai kamar kaza a kan ƙwai, yana jiran wahalar mutane ta nuna ya tsinka. Malamai sun yi faɗa a kan wannan har muryarsu ta dushe. To, wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Ga yadda ta kaya da Alhaji Ɗanladi.

Gidan mansa yana bakin titi tsakanin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, a wani ɗan kwari. Gadonsa ya yi. Mahaifinsa ne ya gina shi, da famfo huɗu da rijiyoyin mai uku a ƙarƙashin ƙasa. Saboda wurin kwari ne, tsohon ya ja kwata ta zagaye gidan man, ta bi ta ƙarƙashin kwalbatin ƙofar shiga ta faɗa babbar kwatar unguwa. Duk shekara, farkon damina kafin ruwa ya kankama, 'yan adaidaita sahu da ke tsayawa a gefen wurin sukan ware Asabar ɗaya su yi gayya, su yashe babbar kwata, su haɗa da ta gidan mai. Tsohon yakan aiko musu da kunu da waina, ya zuba wa kowa lita biyu. Da ya rasu Alhaji Ɗanladi ya fara janye wainar, daga baya kunun, daga ƙarshe litar. Suka ci gaba da yashewa don darajar mamaci.

A shekarar da abin ya faru talaka ya riga ya jigata. Kuɗin mai ya hau, ya ja na shinkafa, ya ja na mota, ya ja na markaɗe. Wuta kuwa sai dai a ga takardar biya. Waɗanda muka zaɓa kowa ya ɗaga gilashin motarsa. Cikinsu har da Honorabul Bashir, ɗan unguwar nan, wanda muka dangwala wa sau biyu, sau biyun kuma ya canja lambar waya. Shi ne ya raɗa wa Alhaji Ɗanladi cewa za a sake ƙara kuɗin mai nan ba da jimawa ba. Suka haɗa jari. Tanka uku suka sauke mai da hantsi, ido na ganin ido, rijiyoyi suka cika maƙil. Tankar ƙarshe ba ta gama juyawa ba aka ja sarƙa a ƙofa, aka rataya allo: BABU MAI.

Da yamma kuma sai ka ji Honorabul a rediyo yana cewa halin da talaka ke ciki ya hana shi barci.

Mako biyu sarƙar nan tana ɗaure. Mu'azu, shugaban 'yan adaidaita sahun wurin, yakan tura babur ɗinsa da hannu ya wuce ta gaban rijiyoyin nan yana jin warin mai, ya je ya saya wurin 'yan bumburutu da tsadar da ba ta bar masa na cefane. Zainab mai markaɗe ta rufe injinta da buhu, ta koma surfe a turmi.

Ana cikin haka Allah ya yi wa Hannatu rasuwa, matar Malam Istifanus. Malam Istifanus ya shekara ashirin da shida yana koyarwa a firamaren unguwa, rabin matasan da ke tuƙi a titin nan shi ya koya musu lissafi. Bisa al'adarsu za a kai gawa gida, kudancin Kaduna, a binne ta kusa da iyayenta. An samo bas, an sa akwati, direba ya ce man da ke cikinta ko Kwanar Dangora ba zai kai su ba. Mu'azu ya ja hannun Malam suka tafi gidan mai, mutane na biye.

Alhaji ba ya nan. Wanda suka tarar shi ne Inuwa, tsohon ma'aikaci tun zamanin mahaifin, mai riƙe da makullin famfo. Shi ne kuma kullum da safe yake zura sandar awo a kowace rijiya, bayan ya shafa wa bakinta wani mai da ke canja launi in ya taɓa ruwa. Shekara goma sha tara bai taɓa tsallake safiya ɗaya ba.

Mu'azu ya ce, "Baba Inuwa, gawa ce. Lita sittin. Ga kuɗinmu a hannu, ba roƙo muka zo ba."

Inuwa ya dubi allon, ya dubi Malam Istifanus da ke tsaye da hula a hannu. Ya ce, "Tun da aka gina gidan nan ba a taɓa mayar da motar gawa ba." Ya kwance sarƙa, ya kunna janareta, ya zuba.

Bas ɗin tana fita motar Alhaji na shigowa. Ya ga famfo yana ɗiga, ya ga mutane, ya fito ko ƙofa bai rufe ba.

"Wa ya ba ka izini? Kai Inuwa, da kai nake! Ka tona min asiri a bainar jama'a!"

"Alhaji, gawa ce."

"Gawar gidanku ce? Ni na kashe ta? Yau gawa, gobe mai naƙuda, jibi mai ciwon haƙori. An ce maka gidan marayu na buɗe? Kawo makullin."

Inuwa ya miƙa. Ya ce, "Na ji, na tafi. Amma ko don mahaifinka ka ji abu ɗaya. Robar murfin rijiyoyin nan ta ruɓe, sau uku ina faɗa maka. Kuma duk wanda za ka ɗauka, ya riƙa zura sanda da safe."

"Tafi da sandarka ka yi dogarawa, tsufa ya zo."

Zainab na tsaye a bakin titi da taɓarya a kafaɗa. Ta ce, "Alhaji, ashe akwai? Mu da muka ɗauka allon nan ba ya ƙarya, tunda mai shi a sahun gaba yake sallah."

Ya yi kamar bai ji ba. Aka mayar da sarƙa. Washegari ya kwaso wasu ma'aikata daga wani wuri a rabin albashi, waɗanda ba su san komai ba sai danna famfo. Sandar awo tana jingine a bayan ofis, babu wanda ya tambayi amfaninta.

Asabar ɗin gayya ta zo. Matasa suka fito da shebur da baro, suka kama babbar kwata tun daga saman layi, suna fitar da leda da yashi da robobi. Suka yashe ta tas har ƙarshe. Da suka zo kan kwatar gidan mai sai suka saɓa shebur suka wuce. Manajan Alhaji ya biyo su da gudu.

"Mu'azu, kun manta da kwalbatinmu."

"Ba mu manta ba."

"To me ya faru?"

Mu'azu ya dubi shebur ɗin da ke kafaɗarsa, ya ce, "Babu shebur."

Matasa suka fashe da dariya. Manaja ya je ya faɗa wa Alhaji, ya ce a ɗauko leburori huɗu, aikin yini ɗaya ne. Alhaji ya ce shekara talatin ana yashe masa kyauta, ba yau zai fara biya ba, za su huce su dawo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma mai ganin kansa ya ƙoshi ba ya tuna wannan sai jinka ta danne shi.

Kwana biyar bayan nan hadari ya haɗo daga gabas bayan azahar. Aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya har la'asar sakaliya. Babbar kwata ta kwashe nata ta wuce, ko gida ɗaya ruwa bai shiga ba. Na gidan mai kuwa ya zo kwalbati ya tarar da ƙofa a toshe, ya dawo ya kwanta a filin, har gwiwa, a kan murafen rijiyoyi. Sai da gari ya waye ya janye. Ma'aikata suka share laka, suka ce an gode Allah babu abin da ya lalace.

Ranar Talata aka sanar da sabon farashi. Alhaji Ɗanladi ya sa aka sauke allo, ya sa sabuwar shadda, ya sa aka fito masa da kujera gaban ofis. Kafin hantsi layi ya miƙe har ba a ganin ƙarshensa. Mu'azu ne na farko, tun bayan sallar asuba yake wurin. Inuwa ya tsallako daga ƙetaren titi, inda yake zama tun da aka kore shi, ya sunkuya ya ce masa, "Kada ka bari a zuba maka a tanki. Ka ce a fara zuba maka a gora."

Ba a kai ga zuba masa ba aka ji jiniya. Honorabul Bashir ne da ayarinsa za su taron siyasa a Hotoro, mota bakwai da tasa baƙar jif ta takwas. 'Yan jagaliyarsa suka diro da sanduna suna ture mutane. "A matsa! A matsa wa mai girma!" Aka ja babur ɗin Mu'azu gefe kamar akuya. Motocin suka jeru a famfo huɗun.

Wani daga cikin layi ya ce, "Honorabul, tun asuba muke nan!"

Gilashi ya sauka kaɗan. "Ku ƙara haƙuri, aikinku za mu je yi."

Zainab ta ce, "Allah ya kai ku yadda kuka kai mu."

Abin da Alhaji bai sani ba, da sababbin ma'aikatansa, shi ne abin da Inuwa ya sani tun yana saurayi: ruwa ya fi mai nauyi, ƙasa yake kwanciya, famfo kuma daga ƙasa yake zuƙowa. Wanda ya fara sha shi ke kwashe ruwan. Aka cika motoci takwas har wuya. Jiniya ta sake tashi, suka fita.

Mu'azu ya matso, ya miƙa gorar ruwa ta roba. Ma'aikaci ya yi tsaki ya zuba masa. Ya ɗaga ta sama a rana. Kafin a ƙirga goma abin ya rabu biyu, ɗan mai a sama bai fi yatsa biyu ba, sauran duk ruwan kwata ne, har da baƙin laka.

"Jama'a, kada wanda ya sha! Ku zo ku ga abin da aka ɓoye mana mako uku!"

Gorar tana yawo hannu zuwa hannu sai jiniyar ta yi shiru. Ayarin ko mahaɗar titi bai kai ba. Ta gaba ta yi tari ta mutu, ta bayanta ta mutu, haka har jif ɗin, suka tsaya jere a tsakiyar hanya kamar raƙuman da aka durƙusar. Honorabul ya fito, taro na jiransa, ya ɗaga wa wani ɗan adaidaita sahu hannu. Matashin ya rage gudu, ya ce, "Babu mai, ranka ya daɗe," ya ƙara wuta. Na biyu haka, na uku haka. Da ƙafa ya dawo gidan man, ya tattare babbar riga, laka har idon sawu, mutane sun dare masa hanya babu mai gaisuwa.

Da ya ga wayoyi a sama ana ɗauka sai ya juya harshe. Ya nuna Alhaji da yatsa. "Irinku ne kuke cutar talakawa! Yanzu zan kira hukuma ta rufe wurin nan!"

Alhaji Ɗanladi ya miƙe daga kujera. "Ni za ka kira wa hukuma, Bashir? Tanka ɗaya a ciki ba taka ba ce? Ba kai ka ce in rufe har sai an ƙara kuɗi ba?"

Zainab ta ce, "Maimaita, Alhaji, na baya ba su ji ba."

Ba sai ya maimaita ba. Kafin azahar maganar ta zagaye Kano a waya. Kafin la'asar jami'ai sun zo, suka nemi sandar awo, babu wanda ya san yadda ake da ita, sai da aka tsallaka titi aka kira Inuwa. Ya shafa mata man nan mai canja launi, ya zura a rijiya ta farko, ta biyu, ta uku. Duk ukun launi ya canja. Aka mayar da sarƙar nan a ƙofa, wannan karon da kwaɗon hukuma.

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Honorabul Bashir ya rasa tankarsa ɗaya, jam'iyya kuma ta ba wani takara. Alhaji Ɗanladi kuwa ga nasa: man rijiya uku an kwashe, ko lita ɗaya bai ci kuɗinta a sabon farashi ba. Injin mota takwas shi ya biya, sai da gidansa na Hotoro ya tafi. Lasisin da mahaifinsa ya riƙe shekara talatin an soke. Famfo huɗu sun yi tsatsa. Inuwa yana wani gidan mai a Unguwar Gano da sandarsa. Duk wannan a kan lita sittin ta motar gawa da ladan leburori huɗu.